Garwar Inna Dudu

Ran Laraba wasu 'yan makaranta daga unguwar Lamashegu suka zo rumfata, su bakwai da malaminsu. Wai an koya musu a aji cewa shara ta yi wa Tamale yawa, kowa ya koyi mayar da abin da aka yar ya zama abin amfani. Suka fito da wata fitilar gwangwani da suka ƙera, suka ajiye a gabana suna jiran yabo. Na ɗaga ta na duba. Bakinta kamar na zarto, wuyanta a karkace, in aka zuba mata kananzir rabinsa a ƙasa zai ƙare. Wata mai baki a cikinsu ta ce, "Baba, ai aikin nan ba wuya, minti goma muka gama." Na ce madalla, to me gwangwanin ya ɗauka kafin ya zo hannunku? Suka dubi juna. A bola suka tsince shi, ba takarda a jikinsa. Na ce su jawo benci su zauna.

Ni ma haka na ɗauki aikin ranar da mahaifina ya kai ni wurin Mba Ziblim maƙerin gwangwani, a shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu. Mu 'yan zango ne, wato unguwar baƙi. Mahaifina dakon goro yake yi a tashar mota, ya ce ba ya so wuyana ya ƙare kamar nasa. Mba Ziblim Badagombe ne, gajere, mai faɗin hanci, rumfarsa tana bayan kasuwa inda masu gawayi suke sauke kaya. Mba a bakinsu baba ke nan, kuma haka kowa yake kiransa, har waɗanda suka girme shi. Aka ba shi goro, aka yi fatiha, sai ya dube ni ya ce, "Isaka, kana da mura?" Na ce a'a. Ya ce, "To, za ka iya aiki."

Wata shida ban taɓa almakashi ba. Aikina yawo da buhu, daga bayan kantuna zuwa wurin masu shayi, zuwa ƙofar baya ta gidajen manyan ma'aikata inda kuku yake tara mana gwangwani, wanda a nan muke kira konko. In na dawo sai in wanke su da toka da yashi. Daga nan ne ainihin karatun yake farawa. Kowane konko sai an kara shi kusa da garwashi har ya yi ɗumin da hannu zai iya riƙewa, sannan a kai shi hanci. Mba ya ce in ka sansana shi da sanyi, tokar wankin kawai za ka ji, sai ya ji wuta yake fito da abin da ya ci. Tsibi uku muke yi. Akwai na baki, wato wanda ya ɗauki madara ko man girki ko bota, da shi ake moɗa da matankaɗi da mudun awo. Akwai na wuta, wanda ya ɗauki kananzir ko man inji, da shi ake fitila da mazurarin mai. Sai na ƙasa, wanda ya ɗauki fenti ko magani ko abin da hancinmu bai gane ba. Shi wannan sai abin kwashe shara, ko tarkon ɓera, ko facin rufin akurki. Konko yana iya sauka daga tsibin baki zuwa na ƙasa, amma ba ya taɓa hawa.

Fitilata ta farko da konkon madara na yi ta, irin aci-balbal ɗin nan da mutanen Kudu suke kira bobo. Kayan aikin Mba ba su da yawa. Almakashin ƙarfe guda biyu, gudumar katako da ba ta tabon gwangwani, awartaki, magagari, da ƙarfen liƙi mai kan tagulla da ake sawa a garwashi. Uwar maƙerarsa guntun ƙarfen wata tsohuwar lori ce da ta mutu a hanyar Yendi. Na yanka, na naɗe wuyan lagwani a jikin ƙusa, na shafa sinadari, na ɗiga dalma. Na kai masa ina murmushi. Ya cika ta da ruwa ya ajiye a kan busasshiyar ƙasa, ya ci gaba da aikinsa. Kafin ya gama cin goro ƙasar ta jiƙe. Sau tara na kwance fitilar nan na sake, kuma bai bar ni na ɗauki sabon konko ba, don wai wanda na ɓata bai yi mini laifin komai ba.

Kwanon Mma Sanatu kuwa, ni kaɗai na yi masa faci biyar. Tsohuwa ce daga unguwar Zogbeli, kwanon sha ne na tangaran da ta shigo da shi gidan miji, duk ya zama faci har ba a gane furen da ke jikinsa. Ina ce mata, "Mma, kwanon nan fa ya gaji." Ita kuma sai ta ce, "Kai ne ya gaji. Liƙe shi." Haka mutanen lokacin suke. Buhun gishiri ya zama rigar yaro, tsohuwar taya ta zama takalmi, kwalbar magani ta koma gidan man kaɗanya. Ba wanda ya kira wannan da wani suna, ba kuma wanda ya koya a aji. Mu a rumfa akwai kwandon guntaye a gefen ƙafar Mba. Duk abin da almakashi ya zubar, komai ƙanƙantarsa, can yake shiga, don guntun da ya kai faɗin yatsa biyu wuyan fitila ne. Ɗigon dalma da ya faɗi ƙasa ma sai na share shi da yamma na mayar cikin kasko. Na sha yi wa kwandon nan tsaki a raina.

Shekara shida ko bakwai da samun 'yanci, lokacin na zama cikakken ma'aikaci har na yi aure, kaya suka ɗauke a kanti. Madarar gwangwani ta ɓace, kifin gwangwani ya ɓace, sukari sai da layi. Mutane suna kukan abin da ke cikin gwangwani, mu muna kukan gwangwanin kansa. In fita da buhu tun safe in dawo da konko huɗu, biyu sun yi tsatsa. Kuku-kukun da suke roƙonmu mu kwashe, yanzu matansu ne suke riƙewa. Maƙera uku a layinmu suka rufe suka koma noma. Mu muka koma faci zalla, faci a kan faci, kwandon guntaye ya zama shi ne rumbunmu. Matata tana da ciki a shekarar, tuwonmu ya koma sau ɗaya a rana.

A cikin wannan hali Inna Dudu ta zo da aiki. Bafulatana ce mai tallan nono, doguwa, ba ta da yawan magana. Gari ya fara cin makiyaya, aka tura rugarsu can bayan unguwar Choggu, tafiyar ta yi mata nisa da ƙafa. Sai ta riƙa hawa motar itace da safe, ƙwarya a cinya, kowane rami motar ta faɗa nono ya zube mata a zane. Tana son garwa mai murfi da mariƙi. Ta kuma gaya mini abin da ya sa take gaggawa. Surukar Mma Sanatu, mai kwanon nan, ta rasu wajen haihuwa ta bar jaririya, Azara. Madarar kanti babu ita ko ta magani, ba a kuma sami mai shayarwa ba. Da sabuwar madarar shanun Inna Dudu ake rayar da yarinyar, gidan ne farkon inda take sauke kaya kowace safiya.

Ta ce, "Maƙeri, jiya rabi ya zube. Yarinya bai ƙoshi ba."

Mba Ziblim ba ya nan, ya tafi ƙauyensu makokin ƙanensa, kuma makokin Dagomba ba na kwana ɗaya ba ne. Rumfa tana hannuna. A tsibin baki ba ni da abin da ya fi moɗa girma. Na ce ta ba ni kwana biyu, ban san inda zan samo ba.

Washegari wani direba da ke zuwa daga Kudu ya tsaya a bakin rumfa da garwa a hannu. Ban ga irinta ba tun da kaya suka ɗauke. Sabuwa fil, ba tsatsa, ba lotsawa, an kankare takardar jikinta, an wanke ta tas. Na ce me ta ɗauka? Ya ce shi ma a hannun wani ya karɓa, yana jin man girki ne. Na kai ta hanci, sabulu na ji. Garwashi yana nan kusa da gwiwata, taku ɗaya ma bai kai ba. Ban kara ta ba. Ba mantuwa na yi ba, gaskiya ita ce ina tsoron abin da zan ji. In ta faɗa tsibin ƙasa, ba ni da wata, aikin ya tafi, ni kuma in koma gida hannu wofi.

Aikin kuwa ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Na yanke saman garwar na jefa a kwandon guntaye. Na naɗe bakinta a kan waya don kada ya yanki hannu, na yi mata murfi mai shiga ciki da ɗan matsi, na buga mariƙi. Abin da za a zuba abinci, dalma daga waje take zama, haka na yi. Lokacin da ƙarfen liƙi ya taɓa gindin mariƙin, wani ɗan wari ya taso, mai kama maƙogwaro. Na ce wa kaina sinadari ne, na kau da fuska. Da la'asar Inna Dudu ta zo, ta cika ta da ruwa ta juya ta ƙasa, ko ɗigo. Ta yi dariya, ranar na fara ganin haƙoranta. Ta sa mini albarka da Fulatanci ta tafi.

Da safe na zo na tarar Mba ya dawo, har ya hura wuta. Na yi masa ina kwana da Dagbanci, na ce, "Dasiba, Mba." Ya amsa da "Naa," muka yi gaisuwar makoki. Yadda ya saba, ya sa hannu a kwandon guntaye yana neman abin wuyan fitila, sai ya fito da saman garwar nan yana ƙyalli. Ya juya shi. Hannunsa da kansa ya kai shi bakin garwashi, don shi ko murfin kwalba ba ya taɓawa bai ɗumama ba. Ya kai hanci. Na ga fuskarsa ta canza.

"Isaka, wannan jikinsa ya tafi ina?"

Na ce, "Na yi wa Inna Dudu garwar nono."

"Ka ɗumama shi?"

Ya miƙo mini guntun. Warin da na ji jiya ne, amma yanzu ba inda zan kau da fuska. Maganin ƙwari ne, irin wanda ake fesa wa gonaki a Kudu, wanda ɗigonsa yake kashe kaza.

Ya ce, "Kar ka je ruga, Inna Dudu ya riga ya taso. Wane gida yake fara zuwa?"

Na ce gidan Mma Sanatu, ban tsaya jin abin da zai ce ba. Keken mai gawayi yana jingine a bakin rumfa, na haye ban nemi izini ba. Daga bayan kasuwa zuwa Zogbeli ba wani nisa ba ne, amma ranar sai na ga kamar an ƙara wa hanyar tsawo. Na bi ta tsakiyar masu ɗiban ruwa, na tarwatsa tumakin wani, ana ta zagina da Dagbanci ina wucewa. Abu ɗaya ne a kaina, ko motar itace ta makara yau. Da na shawo kwanar gidan sai na ga takalman Inna Dudu a ƙofar zaure. Na yar da keken na faɗa ciki ba sallama, ni namiji baligi, har tsakar gidan mata.

Garwata tana ajiye a gindin turmi, murfi a buɗe. Mma Sanatu tana zaune a kujera 'yar tsugunno da jaririya a cinya. Ta riga ta tafasa madarar, tana fifita ta a cikin kwanon nan mai faci biyar, ƙaramin cokali a hannunta. Na fizge kwanon, madara ta zubo mini a hannu da zafinta.

Ta yi ihu, "Oi! Isaka, ka haukace? Ba sallama, ba komai, ka ƙwace abincin maraya?"

Na ce, "Mma, ta sha?"

"Ina zai sha, kai ka bari ya huce?"

Na durƙusa a wurin. Na miƙa mata kwanon na ce ta sansana. Ta ce mura take yi kwana uku, ba ta jin komai. Inna Dudu ce ta karɓa. Ta kai hanci, ta daɗe, sannan ta dube ni. Ta ce da ta tatsa da asuba madarar ba ta da wani wari, sai dai a mota ta ɗan ji wani abu ta ɗauka hayaƙin inji ne. Matan gida suka taru. Da bakina na faɗi abin da na yi, ban ɗora wa direba ba, don shi bai ce mini ya sani ba. Mma Sanatu ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Rungume yarinyar kawai ta yi tana salati, yarinyar kuwa tana ta tsala kukan yunwa.

Mba ya iso da ƙafa yana haki. Ya sa na haƙa rami a bayan gida, mai zurfi, don kada kaza ko akuya ta lasa. Tatsar safiya guda cur, a shekarar da mutane suke layin abinci, ni na tuttular da ita da hannuna. Inna Dudu ta juya baya, don a wurinsu zubar da nono a ƙasa ba ƙaramin abu ba ne. A duk zamana da Mba, wannan ne kaɗai abin da na ga ya sa an zubar. Kwanon Mma Sanatu ma ya ce ya sauka, ba za a ƙara ci a cikinsa ba. Tsohuwar ta riƙe shi ta shafa facin da yatsa, sannan ta miƙa masa. Har yau in na tuna wannan kunya nake ji.

Saura yarinya da ba ta ci ba. Mba ya aika gidansa aka kawo garwar da matarsa take ajiye ruwan sha, ta man girki ce tun zamanin Turawa, ita kaɗai gare su. Ya juye ruwan a randa ya miƙa mini, ya nuna keken. Na ɗauki Inna Dudu a baya har bayan Choggu. Akwai wata saniya da ta bar wa maraƙinta nono da safe, ita ta tatsa. Muka toshe bakin garwar da tsumma mai tsabta, na dawo da ita a ɗaure a bayan keke. Rana ta take tsaka kafin Azara ta sa wani abu a cikinta. Da yamma na yi wa garwar Mba murfi da mariƙi, ta zama ta Inna Dudu, matarsa ta koma ajiye ruwa a tulu. Mai gawayi kuwa sai da na yi masa facin kwanon rufinsa duka kafin ya daina kirana ɓarawon keke.

Na zaci Mba zai kore ni. Washegari na zo na tarar da garwar maganin a kan uwar maƙera, almakashi a gefenta. Ya ce, "Garwa bai yi laifi ba. Yana da aikinsa, kai ne ka ba shi aikin wani. Yanka." Na raba aikina mafi kyau gida biyu da hannuna. Rabi ya zama facin akurki, rabi ya zama abin kwashe shara, mariƙin da na yi wa nono shi ne mariƙinsa. Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya. Sai dai tun daga ranar, in ya ɗumama konko, ni yake fara miƙa wa.

Na nuna wa 'yan makarantar abin kwashe sharar, yana rataye a ƙusa bayan kaina, bakinsa ya cinye, an sake masa gindi sau biyu. Na ce musu abin da malaminsu ya koya musu gaskiya ne, kada su yar da abin da zai yi amfani. Amma ina ganin mata suna zuba man girki a jarkar maganin ciyawa, ana sayar da kunu a robar da ba wanda ya san daga ina ta fito, wai ana tattali. Sannan na ɗauki fitilarsu na kara a garwashi, na miƙa wa mai bakin nan. Ta kai hanci ta yamutsa fuska, ta ce man inji. Na ce to Allah ya taimake ku, fitila kuka yi, ba moɗa ba.

Ita ce ta tambaye ni, da murya ƙasa-ƙasa, ko jaririyar ta rayu. Na ce su leƙa tsallaken titi. Akwai wata mata mai jiki da furfura a gefen kallabi, tana sayar da wake da shinkafa, ɗazu na ga biyu daga cikinsu sun saya a wurinta kafin su shigo. Azara ke nan, jikokinta shida. Duk ran Juma'a takan aiko mini da gwangwanayen tumatir da ta gama da su, a wanke tas. Ni kuma sai in jera su a bakin garwashi ɗaya bayan ɗaya in kai hanci. Tana hango ni daga can ta ɗaga murya, "Baba Isaka, tumatir ne fa! Ni na buɗe shi da hannuna!" In ce mata na sani, in ɗauki na gaba.